Tsabtar Iska da Nauyin da Doka Ta Ɗora wa Ƙaramar Hukuma: Misalin Gwandu da Kalgo



Gabatarwa

Zan so in buɗe wannan lacca da wata 'yar tambaya. A ce wata mata tana zaune a bayan mayanka a garin Gwandu, ko kusa da wani juji a Kalgo. Kullum safiya hayaƙin taya ko na leda yana cika mata ɗaki, ɗanta kuma ba ya rabuwa da tari. Ta yi magana da masu kunna wutar, sun ce nan ne wurin sana'arsu. To, ina za ta kai kukanta? Wa doka ta ɗora wa alhakin sauraronta?

In ta je sakatariyar ƙaramar hukuma, mai yiwuwa a ce mata batun muhalli na gwamnatin jiha ne. In ta je Birnin Kebbi, a ce ai dokokin iska na Gwamnatin Tarayya ne. Kowa ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma matar ta koma gida hayaƙi na nan yadda ta bar shi. Manufata a yau ita ce in nuna cewa, ko da yake Tsarin Mulki bai ambaci iska a jerin ayyukan ƙaramar hukuma ba, kusan duk wuraren da hayaƙin garuruwanmu ke tashi ya danƙa su ne a hannunta. Saboda haka ƙofar da ta fi cancanta matar nan ta fara ƙwanƙwasawa ita ce ta majalisar ƙaramar hukumarta.

Abin da ke Cikin Iskar

Baligi yakan shaƙi iska sama da lita 10,000 a kowace rana. Mutum yana iya ƙin shan ruwan da bai yarda da shi ba, yana iya ture abinci, amma ba shi da zaɓi game da iskar da ke gaban hancinsa. Abin da ya fi damun masana lafiya a cikin gurɓatacciyar iska shi ne wasu ƙananan ɓurɓushi na toka da ƙura waɗanda ido ba ya gani. Mafi haɗari daga cikinsu su ne waɗanda ake kira PM2.5, watau waɗanda faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba. Sai an jera kimanin talatin daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Saboda ƙanƙantarsu sukan wuce gashin hanci, su gangara can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Daga nan ake samun ciwon huhu ga yara, da tashin asma, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ma'auninta. Ta ce matsakaicin yawan PM2.5 a shekara bai kamata ya wuce maikrogiram 5 a kowace kubik mita ta iska ba, a yini guda kuma kada ya wuce 15. Hukumar ta kiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, tana janyo mutuwar mutane kusan miliyan 7 kowace shekara a duniya, kuma kaso mai yawa daga ciki hayaƙin girki ne ke haddasa shi.

Ƙurar Hunturu da Hayaƙin Hannunmu

A ƙasar Gwandu da Kalgo, kamar sauran sassan Jihar Kebbi, gurɓatar iska iri biyu ce, kuma wajibi ne mu rarrabe su tun da wuri.

Iri na farko shi ne ƙurar hunturu. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe mu da hazo. Babu ciyaman ko kansilan da zai iya tare wannan. Sai dai illarta ba ƙarama ba ce. Busasshiyar iska mai ƙura takan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayar cutar sanƙarau shiga jiki, kuma shi ya sa annobar take zuwa da rani. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. A 2017 ya sake ɓarkewa a jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja. A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26, kuma mafi yawansu daga Ƙaramar Hukumar Gwandu suke.

Iri na biyu shi ne hayaƙin da muke haɗawa da hannunmu. Mu ɗan zaga gari mu gani. Ga juji an cinna masa wuta, da leda da roba da tsofaffin batura a ciki. Ga mahauta suna babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya. Ga gidajen burodi masu ƙona manyan itatuwa a tsakiyar unguwa. Ga tashar mota, inda injuna ke ta ruri alhali motocin na tsaye. Ga hanyoyin cikin gari marasa kwalta, kowane babur ya wuce sai ya bar ƙura a kan tiren mai tsire da kwanon mai ƙosai. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, injinan casa sun ƙaru a garuruwanmu, alheri ne babu shakka, amma tulin ɓuntun da suke fitarwa in ya kama wuta yakan kwana da kwanaki yana turnuƙewa. A fadamu akwai ƙona ragowar amfanin gona, a daji akwai wutar masu farautar gafiya. A cikin gida kuma ga uwargida a madafi marar taga, tana turara shinkafa ko tuƙa tuwo a kan murhu, da goyo a bayanta. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya, gidaje da yawa da suka fara girki da gas sun koma ga itace da gawayi.

A lokacin hunturu waɗannan biyu sukan haɗu. Da asuba iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, ta hana hayaƙi tashi sama, sai ya yi ta yawo daidai tsayin hancin yara masu tafiya makaranta.

Abin da Doka Ta Ce

Yanzu sai mu juya ga doka, mu bi ta daki-daki.

Nijeriya ba ta yi wata cikakkiyar dokar kare muhalli ba sai a 1988, bayan da aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko. Ba Kokon nan tamu ta Kebbi nake nufi ba, wata ce a bakin teku, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Abin kunyar ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya da Dokar Soja mai lamba 58 ta 1988. A 1992 aka yi Dokar Soja mai lamba 86, wadda ta wajabta bincika illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 2007 aka soke dokar 1988 aka kafa hukumar NESREA, wadda aka ba ikon tsara ma'aunin tsabtar iska da tilasta bin sa. Ƙarƙashin wannan doka aka fitar da ƙa'idojin tsabtar gari da zubar da shara a 2009, da na ƙona daji da ƙone-ƙone a fili a 2011, da na hayaƙin motoci a 2011, da na kula da ingancin iska a 2014. Wannan ya nuna cewa tsara ma'auni da auna iska bisa ƙa'ida aikin Tarayya ne, jiha kuma tana da ma'aikatar muhalli da ke taka nata rawar.

To ina ƙaramar hukuma? A nan sai mu buɗe Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 20 ya ɗora wa hukuma nauyin kare muhalli da inganta shi, ya kuma ambaci ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Sashe na 13 ya wajabta wa dukkan sassan gwamnati da masu riƙe da iko su kiyaye manufofin da ke cikin Babi na Biyu, inda sashe na 20 yake. Sashe na 318 kuma, wanda ke fassara kalmomi, ya bayyana cewa kalmar gwamnati ta haɗa har da majalisar ƙaramar hukuma. In aka haɗa waɗannan uku, nauyin kare iska ya hau kan majalisar Gwandu da ta Kalgo kamar yadda ya hau kan Abuja.

Lauyoyin da ke cikinmu za su ce, ai sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kan Babi na Biyu shi kaɗai. Haka ne. Amma akwai wata hanyar. Nijeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummu dokar gida a 1983, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya ba al'umma haƙƙin zama a muhalli mai kyau. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ƙona iskar gas a wani ƙauye na yankin Neja Delta ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutunci. Ashe ke nan ƙofar kotu ba a rufe take ruf ba.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin Jadawali na Huɗu, wanda sashe na 7 ya ce dole dokar jiha ta ba ƙananan hukumomi ayyukan da ke cikinsa. Daga cikin ayyukan akwai kafa mayanka da kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Akwai kwashe shara da ƙazanta. Akwai gina tituna da magudanai da lambuna da filayen shan iska. Akwai sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Har ila yau majalisa tana da hannu a harkar noma, da ilmin firamare, da kiwon lafiya. Jama'a, ku ɗora wannan jeri a kan zagayen da muka yi ɗazu. Juji, mayanka, gidan burodi, tasha, titi mai ƙura: kowannensu yana cikin jadawalin. Wanda aka ba ikon tsara yadda za a tafiyar da mayanka an ba shi ikon faɗar abin da za a ƙona a cikinta. Wanda aka ɗora wa kwashe shara, in ya bari ta taru har mutane suka gaji suka sa mata wuta, hayaƙin nan yana da kaso a cikinsa.

Daɗin daɗawa, Kundin Dokar Laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sanya ɓata iskar wuri ta yadda za ta cutar da lafiyar mazauna ko masu wucewa a cikin laifuka. Saboda haka matar da muka fara da ita ba alfarma take roƙo ba, haƙƙinta take nema.

Yadda Ingila Ta Yi

Yana da amfani mu leƙa wata ƙasa mu ga abin da doka kan yi in ta fito fili. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan kwana biyar. Ƙididdigar farko ta nuna mutum wajen 4,000 sun mutu, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ya haifar da dokar tsabtar iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon keɓe unguwannin da aka hana hayaƙi. Sai kuma dokar muhalli ta 1995, wadda ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta riƙa duba iskar yankinta lokaci-lokaci. Inda ta ga ba za a cim ma ma'aunin ƙasa ba, dole ta shelanta wurin a matsayin yankin kulawa ta musamman, ta kuma rubuta shirin gyara.

Abin lura a nan shi ne matakai uku: a auna, a shelanta, a yi shiri a rubuce. Dokarmu ba ta ɗora wa ƙaramar hukuma wannan tsari dalla-dalla ba, kuma wannan giɓi ne. Amma Jadawali na Huɗu ya bar wa Majalisar Dokokin Jiha damar ƙara wa ƙananan hukumomi ayyuka. Ke nan ba sai an jira gyaran Tsarin Mulki ba. Majalisar da ke Birnin Kebbi tana iya cike giɓin da doka guda.

Ba Baƙon Abu Ba Ne

Kada wani ya ɗauka wannan tunani daga Turai aka yo aronsa. Gwandu gari ne na ilmi tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma littafin Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu har gobe, ya yi bayanin cewa alƙali yana hana mutum cutar da maƙwabcinsa da hayaƙi irin na gidan wanka, ko wari irin na majema, ko kafa masussuka a gaban gidan wani saboda ƙaiƙayin da ke tashi. A Daular Usmaniyya kuma akwai muƙamin muhtasibi mai sa ido a kan kasuwa da hanyoyi. Tsarin garuruwanmu na dā ma shaida ne, domin majema da marina galibi a gefen gari ake ajiye su.

A zamanin En'e kuma dattawan cikinmu sun san duba-gari. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ce ta ba shi ƙarfi, kuma an buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Ranar da aka ce duba-gari zai shigo unguwa, kowace mace sai ta share tsakar gida ta wanke randa. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya gādar wa majalisu wannan aiki, kuma har yanzu akwai jami'an lafiyar muhalli a sashen lafiya na ƙananan hukumomi, da dokar tarayya ta 2002 da ta tsara sana'arsu. Abin da ya rage shi ne a mayar musu da martabarsu da kayan aikinsu.

Abin da Majalisa Za Ta Iya Yi

Na san za a ce babu kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su tafiyar da su. Duk wanda ya nemi 'yancin riƙe kuɗi, to, ya shirya amsa tambaya a kan abin da ya yi da su. Ga shawarwari shida, mafi yawansu sun fi bukatar niyya a kan kuɗi.

Na ɗaya, a yi rajista. Jami'an lafiyar muhalli su bi mazaɓa-mazaɓa su rubuta kowane juji da mayanka da gidan burodi da injin casa, da nisansa daga makaranta ko asibiti ko gidajen kwana. Littafi da alƙalami sun isa.

Na biyu, a haɗa wannan rajista da littattafan ɗakunan shan magani. In aka ga yaran wata unguwa sun fi zuwa da tari da sarƙewar numfashi, sai a duba abin da ake ƙonawa kusa da su.

Na uku, a nemi taimakon masu ilmi. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a ƙasar Kalgo take zaune, ga kuma jami'ar jiha a Aliero, maƙwabciyar Gwandu. A yau akwai ƙananan na'urorin auna ƙura masu sauƙin kuɗi da ke aiki da hasken rana. Ba su kai manyan injuna daidaito ba, kuma suna bukatar a riƙa gwada su, amma sun isa su nuna bambancin iskar kasuwa da ta bayan gari, da ta safe da ta rana. Majalisa ta saya, ɗalibai su karanta, a manna sakamakon a allon sakatariya.

Na huɗu, majalisa ta yi ƙaramar doka da za ta hana babbaka da taya da ƙona shara kusa da makarantu da asibitoci, ta kuma sanya doguwar mafitar hayaƙi cikin sharuɗɗan lasisin gidan burodi. Amma a nan ina da gargaɗi. Kada a hana mutum abu kafin a nuna masa madadinsa. Mahauci ba don mugunta yake ƙona taya ba, ita ce mai arha. A fara samar da murhun gas na haɗin gwiwa a mayanka tare da Sarkin Fawa, a fara kwashe shara a kan kari, a haɗa masu injin casa da masu sayen ɓuntu don kiwon kaji ko curin makamashi, sa'an nan a kawo maganar tara. In kuwa aka mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga, to, majalisa za ta wayi gari tana fatan hayaƙin ya ɗore.

Na biyar, a yi gargaɗi a kan lokaci. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa takan sanar da zuwan ƙura kwanaki kafin ta iso. Aikin majalisa ne ta isar da saƙon ta bakin iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da limamai, domin masu asma da tsofaffi su rage fita, a rufe hanci, a kuma kai yara rigakafin sanƙarau kafin rani ya tsananta. Ƙurar Sahara ta fi ƙarfinmu, amma shirin tarbarta bai fi ƙarfinmu ba.

Na shida, hayaƙin cikin gida. Doka ba za ta shiga madafin mace ba, amma ma'aikaciyar lafiya tana ganinta ranar awon ciki. A nan za a gaya mata amfanin buɗe taga, da busasshen itace, da murhu mai rage hayaƙi, da sauke goyo kafin a hura wuta. A kuma ja kunnen magidanta game da kwana da garwashin gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, domin iskar gubar da ke fita daga cikinsu ba ta da launi ba ta da wari, kuma takan kashe mutanen gida suna barci.

Abin da ya fi ƙarfin majalisa kuwa, kamar babbar masana'anta ko hayaƙin manyan motocin da ke ratsa mahaɗar Kalgo zuwa Jega da Bunza, sai ta rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha da NESREA, ta ajiye kwafin takardar, ta kuma bi sawu.

Kammalawa

Ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum kimanin 151,000 a Ƙaramar Hukumar Gwandu, da kimanin 85,000 a ta Kalgo, kuma tabbas sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ba zai yiwu jami'in da ke Abuja ya san jujin da aka kunna wa wuta jiya da daddare a unguwarsu ba. Kansila ya sani, domin ta nan yake bi zuwa gida.

Ga ma'aikatan da ke wannan zaure, roƙona shi ne, ranar da matar nan ta iso teburinku kada ku tura ta gaba. Ku buɗe mata fayil, ku aiki jami'i ya je ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. Ga ɗalibai kuma, musamman masu karatun shari'a da kimiyya da aikin lafiya, ga fagen bincike nan a ƙofar makarantarku, kuma sakamakonsa zai amfani iyayenku da ƙannenku kafin kowa. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin kwashe juji guda bai kai kuɗin jinyar yaran unguwa ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi da gyare-gyare.